Ranar da Motar Baba Ta Yi Shiru

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Kafanchan. Ba a garin aka haife ta ba. Daga wani ƙauye kusa da Kauru suka dawo, wata uku da suka wuce.

A ƙauye tana da ƙawaye da yawa. A Kafanchan ba ta da ko ɗaya. Yayarta Rachael tana karatu a garin Gidan Waya, sai an yi hutu take zuwa. Mama tana fita shagon ɗinki tun da safe. Baba kuma kullum yana kan hanya.

Baba yana da mota akori-kura, fara, tsohuwa. Citta yake ɗauka daga gonaki ya kai kasuwa. A ƙarƙashin motar, ta baya, akwai wani ɗan ƙaramin hon. Da zarar Baba ya sa ribas, sai hon ɗin ya fara kuka da kansa. Ya tsufa, muryarsa ta dushe. Kwak! Kwak! Kwak! Kamar agwagwar da mura ta kama.

Kowace safiya Baba yakan sauke yarinyar a bakin makaranta. Hanyar ƙarama ce, babu wurin juyawa. Dole ya yi ribas har bakin titi. Duk makarantar sai ta ji shi.

Tun ranar farko yaran ajinsu suka sa mata suna.

"Ga Ribas ta iso!"

"Ribas, ku ba agwagwarku magani mana!"

Idan za ta wuce, sai su jeru su riƙa tafiya da baya da baya, suna cewa kwak, kwak, kwak. Wasu har su faɗi don dariya.

Ita ba ta dariya. Idan an tashi tara, takan je bayan aji ta zauna a kan dutse. Ta buɗe ledar ƙosanta ta ci ita kaɗai. Wani lokaci ma ba ta iya cinyewa.

Mutum ɗaya ce take hira da ita a duk garin. Ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Sunansu ɗaya, shi ya sa Kaka take kiranta Takwara.

Kaka ba ta gani. Idonta ya mutu tun da daɗewa. Amma hannunta ya san aiki. Kullum takan zauna a kan 'yar kujerarta da ƙaramar wuƙa, tana tsaga citta gida biyu don a shanya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yanke yatsa ba.

Wurin zamanta kusa da ƙofar gida ne, domin nan rana take fara sauka. Nan ne kuma daidai bayan motar Baba.

Kaka da Baba suna da tsarinsu. Baba yakan tayar da mota ya bar ta ta daɗe tana ɗumi. Wannan ba ya tayar da Kaka. Amma idan ya sa ribas, hon ya yi kuka, sai ya taka birki ya ƙirga ashirin. Ita kuma ta ɗauki sandarta da daronta ta koma gindin mangwaro. Daga nan sai ya fita. Haka suke yi, domin idan an jibga buhunan citta a baya, Baba ba ya ganin komai ta madubi.

Yarinyar ta san wannan tsarin. Ta sha ganinsa. Ku riƙe wannan a ranku, yara. Ta sani.

Wata rana da yamma ta sami Baba yana wanke mota.

"Baba, don Allah a cire hon ɗin nan."

"Me ya yi miki?"

"Ƙararsa ta yi yawa."

Baba ya yi dariya. "Ai don ƙarar aka sa shi, 'yata. Miƙo mini bokitin can."

Ta miƙa masa. Ba ta ce masa ana tsokanarta ba. Kunya ta hana ta.

Ta je wurin Mama a madafa. Mama tana tuƙa tuwo, gumi yana zuba.

"Mama, ina so in gaya miki wani abu."

"Ki bari in sauke tukunya. Bayana kamar zai balle."

Da aka sauke tukunya, Mama ta manta. Ita ma yarinyar ba ta sake tayar da maganar ba.

To, akwai wani abu da ta taɓa gani. Makonni biyu kafin nan hon ɗin ya tsaya. Baba ya kira Silvanus, mai gyaran wutar mota. Silvanus ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya kama wata siririyar waya ya tura bakinta cikin hon ɗin. Shi ke nan, ya gyaru. Har ya ce, "Oga, wannan ai ba aiki ba ne. Waya ce kawai ta zame."

Yarinyar tana tsugune a gefe, tana kallo.

Ranar Alhamis da yamma Baba ya tafi coci koyon waƙa. Mama ba ta dawo ba. Kaka tana ɗaki tana hutawa. Gidan ya yi tsit.

Yarinyar ta leƙa hagu, ta leƙa dama. Ta rarrafa ƙarƙashin motar. Ga wayar nan, daidai inda ta gan ta. Ta ja. Ta fita ba wuya.

Sai wayar ta riƙa lilo. Idan Baba ya gani zai gane. Ta kwance jan zaren da ke bakin kitsonta, ta ɗaure wayar a jikin ƙarfe.

"Gobe kaɗai," ta ce a ranta. "Gobe da yamma zan mayar. Kwana ɗaya in huta."

Ranar Juma'a aka tashi da sanyi. Kaka ba ta fito da wuri ba. Baba ya rufe gilashin mota ruf, ya kunna rediyo yana jin labarai. Ya yi ribas ya fita daga gida. Bai lura da komai ba.

A bakin makaranta ma haka. Motar ta koma baya shiru, ta hau titi ta tafi.

Yarinyar ta tsaya tana jira. Ba wanda ya ce kwak. Ba wanda ya yi tafiya da baya. Ta shiga aji ta zauna.

Ranar ba wanda ya ce mata Ribas. Ba wanda kuma ya ce mata komai. Da aka tashi tara, ta koma kan dutsenta ta ci ƙosanta ita kaɗai, kamar kullum.

Da yamma ta zauna a bakin ƙofa tana jiran motar. Baba ya je ɗaukar citta a wata gona mai nisa. Har aka ci tuwo bai dawo ba. Barci ya kwashe ta.

Washegari Asabar ce. Mama ta tashe ta.

"Tashi ki ɗebo mana ruwa kafin layi ya yi tsawo."

Ta ɗauki jarka ta fita da magagin barci. Ta wuce motar, an cika ta da buhuna har sama. Ta wuce Kaka, tana zaune a wurinta tana shan hantsi, daro a gabanta.

"Takwara, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Kaka."

"Idan kin dawo ki zo ki tsince mini waɗanda suka ruɓe."

"To, Kaka."

Ta tafi. Ko tunawa da wayar ba ta yi ba.

Famfon yana can ƙarshen layinsu. Ta sa jarka, ruwa ya fara zuba. Daga nesa ta ji Baba ya tayar da mota. Ta saba jin wannan. Ta ci gaba da kallon ruwa.

Jarka ta kai rabi. Sai ta ji muryar injin ta canza. Kunnenta ya jira kwak, kwak, kwak.

Ba ta ji ba.

Ta bar jarkar a nan. Ta zuba da gudu, takalminta ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba.

"Baba! Baba, tsaya! Kaka!"

Tana shiga ƙofa ta ga motar tana tahowa baya a hankali. Kaka tana zaune, kanta a sunkuye, tana tsaga citta. Ba ta san komai ba.

Yarinyar ta bi ta gefe ta riƙa dukan ƙofar motar da hannu biyu. "Tsaya! Tsaya!"

Baba ya taka birki da ƙarfi. Amma bayan motar ya riga ya ture kujerar. Kaka ta faɗi a kan hannunta. Taya ta take daron ya lotse, sandar ta karye biyu. Tsakanin tayar da ƙafar Kaka bai fi taki ɗaya ba.

Ni kaina, duk lokacin da na zo wannan wurin, sai jikina ya yi sanyi.

Mama ta fito da gudu tana kiran sunan Yesu. Baba ya diro ya durƙusa kusa da Kaka.

"Mama! Mama, ki yi mini magana!"

"Ina nan," in ji Kaka a hankali. "Hannuna ne. Me ya sa agwagwar ba ta yi kuka ba?"

Yarinyar ta kalli ƙarƙashin motar.

Aka tsayar da keke napep. Baba da Mama suka sa Kaka a tsakiya suka nufi asibiti. Mama ta leƙo ta ce, "Ki zauna a gida. Kar ki je ko'ina."

Suka tafi.

Yarinyar ta tsaya a tsakar gida ita kaɗai. Ga motar a tsaye, ƙofarta a buɗe. Ga kujerar a kife. Citta ta watse ko'ina. Ta tsugunna ta fara tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Babu daron zubawa, sai ta tara a cikin siket ɗinta.

Ta ɗauki sandar Kaka ta haɗa guntayen biyu. Suka ƙi haɗuwa.

Ta daɗe tana zama ita kaɗai a makaranta. Amma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba. Rana ta bar bakin ƙofa, ta hau tsaka, ta karkata. Ba ta ci komai ba. Duk keken da ya wuce sai ta tashi ta leƙa.

Sau biyu ta je bayan motar don ta mayar da wayar. Idan ta mayar, ba wanda zai sani. Sau biyu ta dawo. Hannunta ya ƙi.

Wajen la'asar Baba ya dawo shi kaɗai. Idonsa ya yi ja.

"Baba, yaya Kaka?"

"Hannun ya karye. An ɗaure. Za ta kwana can, mamanki tana tare da ita."

Bai zauna ba. Ya ciro waya ya kira Silvanus. Ba a jima ba Silvanus ya iso a kan babur.

"Oga, sannu. Na ji abin da ya faru. Allah ya ƙara sauƙi."

"Riƙe sannunka," in ji Baba. "Mako biyu da ka gyara mini hon! Wane irin aiki ne wannan? Saura kaɗan in take uwata da motata. Zan gaya wa duk direbobin tasha kada wanda ya sake ba ka mota."

"Haba, Oga. Bari in duba tukuna."

Silvanus ya kwanta a ƙarƙashin motar. Ya ga wayar a ɗaure da jan zare. Ya daɗe. Da ya fito, sai ya kalli kan yarinyar. Duk kitsonta da jan zare a baki, ban da guda ɗaya.

Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

"To?" in ji Baba. "Ka yi magana mana!"

Yarinyar ta ga mutumin zai ɗauki laifin da ba nasa ba. Ta matso.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce."

Baba ya juyo. "Ke ce me?"

"Ni na cire wayar. Ranar Alhamis. Na ɗaure ta da zaren kaina."

Ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗi komai. Sunan da aka sa mata. Tafiya da baya. Dutsen da ke bayan aji. Wata uku ba wanda ya ce mata zo mu yi wasa.

Baba ya ɗaga kujerar Kaka ya zauna a kai. Ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Kin san Kaka da hon ɗin nan take tashi?"

"Na sani, Baba."

"Kin sani kika cire?"

"Na ce zan mayar. Na manta."

"Mota ba ta san mantuwa ba, 'yata. Da kin ƙara minti ɗaya a famfo, da yanzu wata maganar ake yi."

Ya tashi ya fuskanci Silvanus. "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Na zage ka a banza."

"Ba komai, Oga. Ko ni ne haka zan yi."

Yarinyar ta durƙusa. "Kawu Silvanus, ka yi haƙuri."

"Tashi, ƙanwata. Zo nan. Da hannunki kika cire, da hannunki za ki mayar."

Ta rarrafa ta kwance zaren. Ta tura wayar a wurinta, ta fito. Baba ya shiga ya sa ribas.

Kwak! Kwak! Kwak!

Ba ta taɓa jin daɗin wannan muryar ba sai ranar.

Baba ya kashe mota ya fito. Ya dafa kanta. "Ni ma ina da nawa laifin. Na dogara da hon, ban sauka na duba ba. Kuma da kika ce a cire shi, dariya na yi, ban tambaye ki da kyau ba. Daga yau sai na zagaya motar kafin in motsa. Ke kuma, idan abu ya dame ki, ki faɗa. Idan ban ji ba, ki sake faɗa."

Ranar Lahadi bayan sujada a coci aka dawo da Kaka. Hannunta yana rataye a wuya. Mama ta riga ta ji labarin. Ta ce, "Ba ni zan gaya mata ba. Ki je da bakinki."

Yarinyar ta shiga ɗaki ta durƙusa a gaban gado. Ta faɗi abin da ta yi.

Kaka ta miƙo hannunta mai lafiya tana lalube, har ta sami fuskarta. Ta share mata hawaye da babban yatsa.

"Takwara, ke kina da ido biyu. Ni nawa sun tafi tun ba a haife ki ba. Wannan agwagwar da suke yi wa dariya, da ita nake gani."

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Ai ke kika tsayar da motar ma. Amma fa citta ba ta san an karye ba. Wa zai tsaga mini?"

"Ni, Kaka."

"Kullum, har hannun ya warke?"

"Kullum."

"To, Allah ya kiyaye yatsunki. Na san aikin naki, rabin cittar a ƙasa zai ƙare."

Suka yi dariya. Mama tana bakin ƙofa tana share ido da gefen zani.

Ranar Litinin Baba ya sauke ta a makaranta. Ya sauko ya zagaya motar, sannan ya sa ribas. Hon ya cika wurin da kuka.

"Ribas! Agwagwa ta warke!" Yaran suka fara tafiya da baya.

Malamar ajinsu, Malama Bridget, tana tsaye a bakin ƙofa. Mama ta riga ta kira ta a waya. Da aka shiga aji, ta ce, "Akwai wadda take so ta gaya muku wani abu. Duk wanda ya yi dariya zai share filin makaranta."

Yarinyar ta tashi. Ta ba su labarin duka. Ta faɗi daron da ya lotse, da sandar da ta karye, da hannun Kaka. Waɗanda suka fi tsokanarta suka sunkuyar da kai.

Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Sunanta Fatimatuzzahra'u. Ba ta cika magana ba. Innarta ce take sayar da fura da nono a gefen hanyar makaranta.

"Malama, ƙanwata Zamzam tana rarrafe. Kullum idan muka ji hon ɗin nan, Inna takan ɗauke ta daga hanya. Ranar Juma'a ba mu ji ba. Sai ganin mota muka yi kusa. Da gudu na ɗauke ta."

Yarinyar ta rufe baki da hannu. Wannan ba ta san shi ba.

"Kun ji ko?" in ji Malama Bridget. "Abin da kuke yi wa dariya, rai yake tsarewa. Dariyarku kuma ta kusa jawo abin da ba za a iya gyarawa ba. Daga yau kowa ya kira ta da sunanta."

Da aka tashi tara, yarinyar ta nufi dutsenta. Ta zauna ta buɗe leda. Sai ta ji motsi. Fatimatuzzahra'u ce, da ɗan kwanon fura a hannu.

"Matsa mini."

Ta matsa.

"Ki yi haƙuri da abin da ya kusa samun Zamzam."

"Ya wuce. Ni ma shekarar da muka zo, a nan nake zama ni kaɗai. Ƙosan nan da yaji?"

"Da yaji."

"To ba ni biyu, ki sha fura."

Da yamma Fatimatuzzahra'u ta raka ta gida ta gaida Kaka. Kaka ta sa aka kawo wuƙa biyu. Suka zauna su uku a gindin mangwaro. Yaran suna tsaga citta, Kaka tana taɓawa tana cewa wannan ta karkace, wannan ta yi.

Baba ya zo zai fita. Ya zagaya motar, ya ga ba kowa. Ya shiga ya sa ribas. Kwak! Kwak! Kwak!

"Ga ƙawata nan tana gaishe ni," in ji Kaka.

Yara, ku ji da kyau. Duk abin da aka sa don ya yi gargaɗi, kada ku taɓa shi, ko da ƙararsa ta dame ku. Ba ku san wanda yake dogara da shi ba. Idan kuma ana tsokanarku, kada ku riƙe a ciki ku kaɗai. Ku gaya wa iyayenku ko malamanku. Idan ba su ji ba, ku sake faɗa har sai sun ji.